Yadda Likita Ke Tambayar Zuciya Kafin Ya Ɗora Mata Wuta

Daga cikin koke-koken da jama'a kan kai asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, akwai wanda mai shi ba ya iya nuna wurinsa da yatsa, sai dai ya dafe ƙirji ya ce gabansa na faɗuwa ba gaira ba dalili, numfashi na yanke masa, noman da ya saba yi tun sassafe har azahar kuwa yanzu kunya biyu ta gagare shi. Dangi su ce firgita ce, wasu su ce iska, alhali sau da yawa illar tana cikin lantarkin da Allah Maɗaukakin Sarki ya halitta a naman zuciya, wanda shi ne ke ba ta umarnin bugawa.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, umarnin kuwa daga wani ɗan gurbi yake tasowa a ɗakin sama na dama, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. To, idan hawan jini ya daɗe, ko ƙyauren zuciya ya lalace sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a magance ba, sai ɗakunan sama su buɗe fiye da kima, lantarkin ya saki hanya, a wani nau'in ciwon ma ya kama kewaya bakin ƙyauren dama ba tsayawa, kamar sau 300 a minti, ɗakunan ƙasa suna amsa ɗaya cikin biyu, mutum yana zaune zuciyarsa na buga 150.

Ƙwayoyin magani kan rage gudun, amma datse hanyar sai da ƙuna. Likita Melvin Scheinman ne ya fara yin irin wannan aiki a jikin ɗan Adam, a San Faransisko ta Amurka cikin 1981. A yau akan zura siririyar waya mai lanƙwasa, wato kateta, ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a zafafa naman da bakinta ya taɓa ya haura digiri 50, ya mutu, ya zama tabon da lantarki ba ya ratsawa. Sai dai naman da aka ƙona ba ya dawowa, don haka bai halatta a yi hukunci da zato ba, lalle sai da hujja bayyananna, kuma a ganina nan ne hikimar aikin duka take.

Hujjar ta samo asali ne daga binciken da Albert Waldo da abokan aikinsa suka gudanar a Birmingham ta jihar Alabama, suka wallafa a 1977, inda suka lura da marasa lafiyar da aka yi wa tiyatar zuciya. Misali, a ce lantarkin yana gama kewaye ɗaya cikin kashi 200 daga 1,000 na sakan. Sai likita ya jingina bakin wayar a inda yake tuhuma, ya riƙa tsikarar zuciyar da ɗan lantarki kowane kashi 180, har kewayen ya miƙa wuya ya bi saurinsa, sa'an nan ya tsaya cak ya ƙidaya lokacin da bugun zai ɗauka kafin ya komo bakin wayar. In ya komo cikin kashi 200, ko da ƙarin da bai wuce 30 ba, ya tabbata wayar na kan hanyar ɓarnar. In kuwa sai da ya ci 280, to wurin ba shi da laifi, ƙarin nan lokacin zuwa da dawowa ne, a matsa gaba a sake tambaya. Masuncin Argungu ba ya kafa gura a faffaɗan ruwa, sai a ƙuncin da tilas kifi ya bi; haka likita ke neman ɗan tsukin da ke tsakanin ƙyauren dama da babbar jijiyar da ke kawo jini daga ƙasan jiki, ya ja layin ƙuna ya datse shi.

Ko da bugun ya daidaita a nan take, likita mai taka-tsantsan ba ya zare waya, domin kafa ɗaya ƙanƙanuwa ta isa ta maido da ciwon bayan watanni. Sai ya tsikara daga wannan gefen layin ya saurara a wancan, ya kuma juya, har ya sakankance cewa lantarki ba ya ƙetarewa ta kowace fuska, sai ya yi dogon zagaye. Idan an cika wannan sharaɗi, sama da mutum 90 cikin 100 kan rabu da irin wannan ciwo. Da tsikarar dai ake gano jijiyar numfashi da ke wucewa dab da zuciya: in cikin majinyaci ya zabura kamar mai shaƙuwa, an san a kauce wa wurin.

Akwai ɗan'uwan wannan ciwo da ya fi shi yawa da wuyar sha'ani, wanda ɗakunan sama ke karkarwa ba tsari. Michel Haïssaguerre ya nuna a Bordo ta Faransa, cikin 1998, cewa galibi daga bakin jijiyoyin huhu fitinar ke tashi, nan ma da tsikara ake jarraba ko an killace su.

Gaskiya ne cibiyoyin da ke wannan aiki a Nijeriya ƙalilan ne, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin manomin shinkafa. Amma abin da ke damuna ya fi wannan kusa, domin jinin da ya kwanta a ɗakin da ba ya matsewa sosai yakan daskare, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki, alhali akwai ƙwayoyin tsinka jini da likita kan rubuta don kare hakan. Saboda haka duk wanda gabansa ke irin wannan faɗuwa, ya nemi a yi masa gwajin lantarkin zuciya, wato ECG, a daidai lokacin da abin ya motsa, ko a Birnin Kebbi ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya kuma adana takardar, domin da ita ne ƙwararre zai rarrabe wane nau'i ne, ya san ko na ƙwaya ne ko na kateta.