Kada Allura Ta Tono Garma

Duk wanda ya taɓa zama a zauren masu surfani a birnin Zariya, ko a tsakar gidan da mata ke ɗinkin hula, ya san wannan ɗan sauti: "Wash!" Sai a kai yatsa baki a tsotsa, a ci gaba da aiki, ba mai ko ɗaga kai. Amma in ka kama hannun tsohon maɗinki ka duba, za ka ga kan yatsansa ya yi kanta, duk ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masa barkono. Aska takwas ɗin da ke ƙirjin rigar mai gida, da wannan yatsa aka biya ta.

Me ya sa 'yar wannan suka take kai wa har ƙwaƙwalwa? Saboda kan yatsa yana cikin wuraren da jijiyoyin ji suka fi cunkushewa a jikin mutum. Da shi makaho ke karatu, da shi kuma maɗinki ke laluben bakin allura ta ƙarƙashin yadi.

Wahalar kuwa tsohuwa ce. A kogon Denisova da ke Siberiya ta ƙasar Rasha an tono allurar ƙashi mai kafa wadda ta haura shekara 40,000.

Jini a farin yadi kuma fa? Maɗinka a ƙasashe da dama sun yarda cewa yawun mutum ke fitar da ɗigon jininsa. Abin da ya tabbata dai shi ne ruwan sanyi, kuma nan take. Ruwan zafi dafa jinin yake yi, ya kama zare ya zauna daram, hular wata guda ta tashi a banza.

Masu ƙera allurar ma sun sha tasu wahalar. A garin Redditch na Ingila, wanda ya cika duniya da allura a ƙarni na 19, masu wasa tsinin allura sun fi sauran ma'aikata albashi, sun kuma fi su saurin mutuwa. Ƙurar ƙarfe da ta dutsen washi ke cinye musu huhu, da yawa ba sa kai shekara 40.

Mutanen Japan su ne suka fi ba ni sha'awa. Suna da biki mai suna Hari-Kuyo, ranar 8 ga Fabrairu, a wasu yankunan kuma 8 ga Disamba. Maɗinka kan tattara alluran da suka karye ko suka lanƙwashe a shekara, su kai wurin ibadarsu, su soka su cikin awara mai laushi, wai su ma su huta bayan sun sha fama da yadi mai tauri. Aƙidar tasu ce, ba tamu ba. Amma dubi amfanin abin: karyayyar allura ba ta yawo a ƙasa. Mu kuwa sai mu yar da ita gefen tabarma, inda yara ke rarrafe. Allura takan shige tafin ƙafa ta karye a ciki, sai an ɗauki hoto a asibiti kafin a gano inda ta maƙale. Ɗan maganaɗisu a kwandon ɗinki ya isa ya tsince ta.

Riƙe allura a baki kuwa, wannan shi ke tayar mini da hankali. Likitoci a Turkiyya da Masar sun sha ciro fil daga huhun 'yan mata, waɗanda suka cije shi suna gyara ɗankwali, dariya ko tari ya zo, fil ya wuce.

Mutane na cewa tsatsa ke kawo ciwon sarƙewar haƙora. Ba ita ba ce. Ƙwayar cutar a ƙasa da ƙura da kashin dabbobi take, ramin suka mai zurfi kuma shi take so, don iska ba ta shiga. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B ita ma tana iya kwana 7 a raye cikin busasshen jini, don haka allurar da ta soki wata ba abin ara ba ce. Sukar gefen farce kuma takan rikiɗe ta zama ɗankakkarai mai hana barci.

Bahaushe da suna ɗaya yake kiran allurar ɗinki da ta likita, kuma ga shi ta biyun ce garkuwar ta farkon: rigakafin sarƙewar haƙora, a wasu ƙasashe, ana sabunta shi duk bayan shekara 10.

'Yan'uwa masu ɗinki, in allura ta soke ku a wanke da sabulu da ruwa. In wurin ya kumbura, yana zugi, ko ya tara mugunya, musamman ga mai ciwon suga, a ajiye hular a tafi asibiti.