Cefanen Gida: Inda Arha Da Lafiya Suke Haɗuwa

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a kan yadda magidanta suka kashe kuɗinsu a shekarar 2019, an gano cewa fiye da rabin abin da iyalan Nijeriya suka kashe ya tafi ne ga abinci, kuma kaso mafi girma a cikin kuɗin abincin shi ne na wanda aka ci a wajen gida. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin sufuri ya ɗaga, har tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Wannan ne ya sa cefane ya zama sha'anin da ya cancanci ɗan kasuwa ya yi masa lissafi irin wanda yake yi wa jarinsa, musamman mazauna birane irin su Legas da Ibadan da Fatakwal, inda yawancin hatsi da kayan miya sai an yi dakonsu daga Arewa.

Abu na farko a lissafin shi ne lokaci. Gero da dawa da masara da wake sun fi sauƙi da kaka, daga watan Oktoba zuwa Disamba, sa'an nan su yi ta hawa har tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tumatir da tattasai da albasa kuwa da rani suke cika kasuwa, sa'ad da manoman rani na Kadawa da makamantansu suke ɗiba. Shi ya sa kwandon da ake roƙon mai saye ya ɗauka a kasuwar Mile 12 cikin Fabrairu yakan gagari mutane da dama cikin Yuni. Gidan da ya yi kauɗar tumatir, ya tanadi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa a lokacin yalwa, ba ya jin wannan girgiza sosai. Wanda ƙarfinsa bai kai buhu ba yana iya haɗa kuɗi da maƙwabta a saya a raba da mudu, kamar dai yadda ake watandar nama.

Sai dai ajiya tana da nata haɗarin, kuma a nan ne arha takan koma tsada. Saboda tsoron ƙwari, wasu masu ajiye wake suna zuba masa maganin feshi mai guba wanda ba a yi shi don abinci ba. Irin wannan sinadari, wanda ake kira dichlorvos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, abin da ya jawo wa fatake asarar kasuwa. Waken da aka mayar daga can saboda guba irinsa ne ake aunawa a kwano a nan. Don haka waken da yake warin magani, ko wanda aka ga farin gari a jikinsa, barinsa ya fi sayensa, komai sauƙinsa. Akwai kuma hanyar ajiya ba tare da magani ba, wato buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ne a ciki da buhu ɗaya a waje. Idan aka ɗaure kowanne tam, iska takan ƙare, ƙwarin su mutu. Jarka ko durom mai murfi sosai ma yana yin wannan aiki.

Haɗari na biyu ya fi shafar mazauna Kudu, inda iska take da laima kusan duk shekara. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba sukan yi fumfuna, wadda take haifar da gubar aflatoxin. Wannan guba tana cikin abubuwan da suke jawo ciwon dajin hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Saboda haka tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane kafin niƙa ba ɓata lokaci ba ne, haka nan ɗora buhu a kan katako nesa da bango.

A ɓangaren kayan da aka sarrafa a masana'anta, doka ta sauƙaƙa wa mai cefane. Tun 1993 aka wajabta sanya sinadarin ayodin a gishirin ci domin maganin maƙoƙo, kuma daga 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, ana buga hoton ido a jikin kayan domin shaida. Man da aka ɗura a tsohuwar kwalba ba shi da wannan tabbaci. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan manjan da ake zuba wa rini don ya ƙara ja, da ayaba da mangwaron da ake nunarwa da kabaid irin na masu walda. Ta kuma haramta sanya sinadarin bromate a burodi. Duba lambar hukumar da ranar ƙarewar wa'adi bai fi aikin daƙiƙa goma ba.

To, bayan an sayo, sauran aikin na tukunya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Dunƙulen ɗanɗano da garin da yake cikin ƙunshin taliyar yara gishiri ne ya yi yawa a cikinsu, kuma yawan gishiri babban abokin hawan jini ne. Mai sayar da abinci a bakin kasuwa, wadda take neman miyarta ta jawo ciniki, ba za a ga laifinta ba idan ta cika mai da dunƙule. Amma uwargida tana da ikon ragewa, ta cike gurbin da daddawa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi.

Abin lura shi ne, abincin da ya fi gina jiki sau da yawa shi ne wanda aka raina. Wake da shinkafa, ko ɗanwake, ko awarar waken suya, suna maye gurbin nama a ranakun da aljihu bai kai ba. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, da faten tsaki mai alayyafo da yakuwa, sun fi kwalin lemon zaƙi amfani ga yaro, kunun gyaɗa kuma ya fi shayi da burodi riƙe ciki. Hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba yana riƙe da dusarsa, wadda take taimaka wa hanji, take kuma rage saurin hawan sukari a jini.

Ga 'yan kasuwar da suke wuni a rumfa, hanya mafi sauƙi ita ce a auna abin da ake kashewa a kan abincin rana na mako guda a waje, a kwatanta da kuɗin mudun wake da na shinkafa da man da za su dafa shi. Matsalar da ta rage ita ce ta wutar lantarki: inda babu tabbacin firji, dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafi ba, kuma wanda ya kwana sai an tafasa shi sosai kafin a zuba wa yara.