Jar hanyar Milton Keynes: keke, fadama da tafkin da ke tare ambaliya

A garin Milton Keynes na ƙasar Ingila, yaro ɗan firamare zai iya fito da kekensa daga ƙofar gida, ya bi ta bayan gidajen unguwa, ya ratsa filin shaƙatawa, ya kama bakin kogi har ya kai tafkin Willen, bai yi kafaɗa da kafaɗa da manyan motoci ba. Galibi inda hanyarsa ta haɗu da babban titi, ko dai ta nutse ta ƙarƙashinsa, ko ta hau gada ta samansa. Mutanen garin suna kiran waɗannan hanyoyi Redways saboda jar kwaltar da aka shimfiɗa musu. Faɗinsu kamar mita 3 ne, tsawonsu jimla ya haura kilomita 300, kuma na masu keke ne da masu tafiya a ƙasa baki ɗaya.

Garin ba tsoho ba ne. A watan Janairun 1967 gwamnatin Birtaniya ta keɓe wani yanki na gonaki a lardin Buckinghamshire, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Landan, don a gina sabon gari na mutum 250,000 da zai rage wa Landan cunkoso. Aka haɗo tsofaffin garuruwa irin su Bletchley da Wolverton da Stony Stratford, da ƙauyuka da dama, har da ƙaramin ƙauyen da sabon garin ya ari sunansa. Masu tsara gari suka ja manyan tituna a tsaye da a kwance, tsakanin kowane biyu kusan kilomita guda, a mahaɗarsu kuma shataletale. Kowane fili da tituna huɗu suka kewaye, unguwa ce. A wasu daga cikin titunan doka ta yarda mota ta yi gudun kilomita 110 a awa. Babu mai hankalin da zai ɗora yaro a keke a irin wannan titi, shi ya sa aka yi wa keke tasa hanyar daban.

Mafi daɗin hawa a garin shi ne wanda ya bi kwarin kogin Ouzel. Mutum ya taso daga tafkin Caldecotte a kudu, ya nufi arewa zuwa tafkin Willen, tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba. Zai wuce ƙauyen Simpson, da harabar Open University, jami'ar karatu daga gida da aka kafa a 1969, sannan Woughton da Woolstone, tsofaffin ƙauyukan da gari ya haɗiye amma ya bar musu majami'unsu na dutse. A tsakiyar gari ake, amma shanu da tumaki suna kiwo a gefen hanya, dole mai keke ya riƙe birki a wurin ƙofofin shinge. Idan rana ta yi ƙasa, ana ganin shacin kunyoyin gonakin da aka noma ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ciyawa ta lulluɓe su amma ba ta shafe su ba. Ta yamma kuma ga mashigin ruwa na Grand Union, wanda aka haƙa tun zamanin da doki ke jan jirgin kaya.

Tafkin Willen kashi biyu ne. Na kudu na hayaniya ne, wurin tseren kwalekwale da wasan yara da shagunan shayi. Na arewa an bar wa tsuntsaye, kuma a gefensa ne farar hasumiyar zaman lafiya take, wadda wasu mabiya addinin Buddha daga Japan suka gina a 1980, ta farko irinta a ƙasashen Yamma.

Baƙo zai ɗauka an haƙa tafkin ne don ƙawata gari. Ba haka ba ne. Tsoron ambaliya ne ya haƙa shi.

Ga yadda abin yake. Idan ruwan sama ya sauka a gona ko makiyaya, ciyawa da saiwoyi da ramukan ƙasa suna riƙe shi, ya riƙa tsiyaya zuwa kogi a hankali, kwana da kwanaki. Da zarar an rufe filin da rufin gidaje da kwalta da kankare, ruwan ba ya samun wurin tsayawa. Daga indararo sai lambatu, daga lambatu sai kogi, cikin mintoci. Yawan ruwan da ya sauko daga sama bai canza ba, abin da ya canza shi ne duka yana isa kogi lokaci guda, kuma wannan tururuwar ita ce ambaliya. Ƙasar yankin Milton Keynes dama laka ce mai yumɓu, irin wadda ake toya bulo da ita, ba ta shan ruwa da sauri ko da ba a taɓa ta ba. Ga kuma tsohon garin Newport Pagnell can ƙasa, daidai inda Ouzel ke zuba cikin babban kogin Great Ouse, garin da ya daɗe da sanin ambaliya. Da an gina gidajen mutum 250,000 a samansa ba tare da dabara ba, da duk ruwan rufinsu a ɗakunan mutanen Newport Pagnell zai kwana.

Injiniyoyi suka yi abu biyu. Suka haƙa tafkuna a bakin koguna da rafuka: Willen da Caldecotte su ne manya, ga kuma Furzton da Tongwell da Lodge da wasu ƙanana. Kowane tafki an bar masa sarari a sama. Idan kogi ya cika ya wuce wani ma'auni, sai rarar ruwan ta karkata cikin tafki, ya kumbura, ya hau ciyawar bakinsa. Bayan kogin ya sauka, a sake ruwan kaɗan-kaɗan. Aikin randa ke nan a gidan da famfo ke zuwa da ƙarfi sau ɗaya ya ɗauke. Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko wuya, shi ne suka ƙi yanka fuloti a fadamar kogi. Suka bar ta doguwar tsiri daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan. A lokacin hunturu, sa'ad da kogunan Ingila suka fi cika, ruwa kan rufe wasu sassan hanyoyin da ke cikin kwarin, mai keke ya zagaya. Wannan ba lalacewar aiki ba ce, don haka aka bar wurin.

A nan ne keke ya ci ribar abin da ba don shi aka yi ba. Kwarin kogi shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa ba gangara mai tsanani, tsoho da yaro duk za su iya taka feda. Filin a haɗe yake, babu katangar wani da ta yanke shi. Manyan tituna kuma dole su tsallake kogin ta kan gada, don haka hanyar keke sai ta bi ta ƙarƙashin gadar nan a kyauta.

Saura tambayar da ke kashe yawancin lambunan gwamnati a duniya: wa zai riƙa yanke ciyawa bayan an gama bikin buɗewa? A 1992, da za a rufe hukumar da ta gina garin, ba a bar wa ƙaramar hukuma kula da filayen ba. An kafa wata gidauniya mai zaman kanta, Parks Trust, aka ba ta hayar filayen na shekara 999, aka kuma haɗa mata da shaguna da gine-ginen kasuwanci. Da kuɗin hayarsu da ribar jarinta take kula da fili sama da eka 6,000, ba ta jiran kasafin kuɗin kowace shekara. Wanda ya san yadda waƙafi ke aiki a Musulunci ba zai ga baƙon abu a nan ba.

To, da duk wannan, mutanen garin sun rungumi keke? A'a. A ƙidayar jama'a ta 2011, kusan kashi 3 cikin 100 na ma'aikatan Milton Keynes ne ke zuwa aiki a keke, alhali a Cambridge, garin da ba shi da nisa kuma titunansa ƙunci ne, adadin ya kusa kashi 30. Masanin hawan keke John Franklin ya yi nazarin jajayen hanyoyin a 1999, ya kuma yi ƙorafin kwanoni masu kaifi, da shuke-shuken da ke tare gani, da yadda mai keke ke tsayawa ya ba mota hanya a kowane ɗan layin unguwa. Masu hawa suna ƙara da cewa hanyoyin suna yawan zagaye, baƙo kan ɓata, mashigan ƙarƙashin titi kuma ba su da daɗin bi da dare. 

Amma babban dalili ba a jar hanyar yake ba, a baƙin titin yake. An sauƙaƙa wa mota komai: titi miƙaƙƙe, gudu, wurin ajiya a ko'ina. Wanda zai kai ofis a minti 10 cikin mota ba zai yi rabin awa a keke cikin ruwan sama ba. A garin Houten na ƙasar Holan, kusa da Utrecht, an juya lissafin. Mai mota da ke son zuwa unguwar maƙwabta sai ya fita titin da ya zagaye gari, mai keke kuwa ya ratsa ta tsakiya kai tsaye. Can keke ya zama abin hawan yau da kullum. A Milton Keynes ya zama na Asabar da Lahadi.

Mu nan ba ƙarancin masu keke ne ya dame mu ba, ɗalibai da masu sana'a da manoma suna kansa kullum. Abin da muke rasawa shi ne filin ruwan. Kududdufan cikin birnin Kano, da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suka zama matattarar ruwan damina, an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan kuma yana komawa gidajen mutane. Kiran da za a yi wa hukumomin tsara birane shi ne, kafin a yanka fuloti ko ɗaya a sabuwar unguwa, a fara auna hanyar ruwa, a keɓe ta a takarda, a hana sayar da ita.