Koyon Rubuta Manhaja: Aikin Gwaji Shi Ne Gishirin Bita

Tun daga shekarar 2023, sa'ad da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin nan na 3MTT, wanda aka tsara don horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani, maganar koyon rubuta manhajar kwamfuta ta shiga bakin samari da 'yan mata a Arewa. 'Yan'uwa mazauna Agege da Shagamu da Sabo ta Ibadan, masu aika kuɗi gida don yara su halarci irin wannan bita, ya kamata su san abin da suke biya. Abin tambaya shi ne, wane aiki aka tanada wa yaron ya yi da hannunsa? Takardar shaida dai kowa yana iya bugawa.

Wahalar farko ba ta karatu ba ce, ta shirya na'ura ce. Sau da yawa ranar farko takan ƙare wajen sauko da kayan aiki daga intanet, ga ƙarancin data, ga ɗaukewar wuta. Ƙungiyar Django Girls, wadda wasu mata biyu 'yan ƙasar Folan suka fara a birnin Balin a 2014, takan tara ɗalibanta tun daren jajibiri don a ɗora kome a kan kwamfutocinsu. Malami mai hangen nesa yakan yi haka. Yakan zo da Thonny a filash, watau wata manhaja ta masu fara koyo da aka yi a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya, wadda take ɗauke da harshen Python a cikinta, kuma ba ta bukatar intanet bayan an ɗora ta.

To, sai aikin kansa. Wanda aka fi farawa da shi shi ne wasan canka. Kwamfuta ta ɓoye lamba tsakanin 1 da 100, ɗalibi ya yi ta canka, ita kuwa tana ce masa ya hau ko ya sauko. Bai fi layi goma sha biyar ba, amma a cikinsa akwai karɓar amsa, da sharaɗin in kaza ne a yi kaza, da maimaita umurni, waɗanda su ne ginshiƙan sana'ar duka. Yaro mai kaifin basira ma zai gano cewa in yana raba tazarar biyu kullum, ba zai wuce canka 7 ba.

Amma fa wasa ba ya riƙe babban mutum. Aikin da ya fi dacewa da ɗan kasuwa, ko ɗan ɗan kasuwa, shi ne littafin bashi: sunan mai karɓar goro, ƙwarya nawa ya ɗauka, nawa ya biya, nawa ya rage. Ko kuwa lissafin adashi, wa ya zuba, wa ke da kwasa a wannan mako. Amfanin irin wannan aiki shi ne ɗalibi ya riga ya san amsa a kansa, saboda haka in kwamfuta ta ba shi wata daban, nan take zai san akwai kuskure a rubutunsa. Kuma za ta ba shi, don kuwa in aka ce wa Python ta tara 0.1 da 0.2, sai ta kawo 0.30000000000000004, saboda yadda na'ura take ajiye gutsattsarin lamba. Nan ne malami zai koya musu dabarar masu rubuta manhajar kuɗi, a mai da kome kwabo a yi lissafi da cikakkiyar lamba, sai wajen nunawa a raba da 100.

Malamin kirki ba ya miƙa wa sabon shiga allo fari fat. Yakan rubuta rabin aikin ya bar gurabe a cike, ya kuma yanka shi gunduwa-gunduwa, yadda kowane mataki zai nuna wani abu a fuskar kwamfuta kafin a wuce. Wani lokaci ma da gangan yakan ba su aikin da ya ɓata, ya ce su nemo inda ciwon yake, domin karanta saƙon kuskure rabin sana'ar ne. Inda kwamfuta ba ta isa ba, a zaunar da mutum biyu a kan ɗaya, wannan yana bugawa wancan yana dubawa, su riƙa canji. Ƙwararru ma suna yin haka, ba don talauci ba.

Akwai kuma wani tarko da Bahaushe yake faɗawa. In aka sa Python ta jera sunayen masu bashi bisa haruffa, za ta kai Ɗanladi can bayan Zainabu, domin a tsarin Unicode lambobin Ɓ da Ɗ da Ƙ suna bayan na Z. Littattafan koyarwa na Turai ba ruwansu da wannan. Gyaran kuwa 'yan layuka ne: ɗalibi ya rubuta jerin baƙaƙen Hausa da kansa, ya umurci kwamfuta ta bi shi, sai Ɗanladi ya dawo wurinsa a bayan Dauda.