Awon Caca: Yadda A Ke Tabbatar Da Gaskiyar Wasannin Caca Na Intanet

Caca tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa, ita da coge kuwa tare aka haife su. Tun zamanin da a ke zuba wuri a kan tabarma, har aka zo ga karta, har ga 'yan wala-wala masu juya kati uku a gefen kasuwa, ɗan caca bai taɓa amince wa abokin wasansa ba. Idonsa shi ne madogararsa. Shi ya sa a ke zuba wuri a fili kowa na kallo, shi ya sa kuma wanda ya cakuɗa karta ba shi ke yanka ta ba.

Yau ga caca ta shiga wayar hannu. Saurayi yana zaune a tashar mota ta Ƙaura Namoda, ko a rumfar cajin waya a Shinkafi ko Zurmi, ya taɓa gilashi da yatsa, ya ga karta ta buɗe, alhali abin da ya yanke hukuncin ci ko faɗuwa yana cikin wata kwamfuta a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ido ba shi da sauran aiki a nan. Abin da kamfanonin su ka ajiye a madadinsa wani ɗan tambari ne a ƙasan shafi, mai cewa an gwada wasan an same shi daidai. Caca dai laifi ce a dokar Jihar Zamfara, za mu kuwa komo kan wannan. Amma malamin da ɗalibansa ke riƙe da waya ya kamata ya san abin da tambarin nan ke shaida, da inda shaidarsa ta tsaya.

Mu fara da abin da aka sani a gida. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929, garin ya zama ƙarshen hanyar dogon da ta taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya kuma zama wurin cinikin gyaɗa. Manomin da ya kawo buhunsa gaban sikeli ba ya iya buɗe cikin sikelin ya duba. Sai dai a sami wani na uku, wanda ba mai saye ba ne ba kuma mai sayarwa ba, ya zo da duwatsun awo waɗanda aka san nauyinsu, ya ɗora, ya ga ko sikelin ya faɗi gaskiya. Haka kuma mudu a kasuwar Shinkafi ran Alhamis: in an yi gardama a kan an buga gindinsa, da wani mudun da aka yarda da shi a ke gwada shi. Gwajin caca ta intanet a kan wannan tsari ya ke. Sai mai karatu ya riƙe abu guda tun yanzu, watau mai duba sikeli nauyi kaɗai ya ke shaida, ba ruwansa da kuɗin da aka yi wa gyaɗar.

Gwajin ƙuri'a

Cikin kowane wasa akwai wata 'yar manhaja wadda aikinta fitar da lambobi barkatai, ita ce ke madadin hannun mai zuba wuri. Bari mu kira ta na'urar ƙuri'a. Wahalar ita ce kwamfuta ba ta san barkatai ba, umurni ta ke bi. Sabo da haka sai a ba ta wata lamba ta farko, wadda a ke kira iri, ta yi ta juya ta bisa wani lissafi, lambobi su riƙa fitowa kamar ba su da tsari. Wanda ya san irin, ya kuma san lissafin, ya san duk abin da zai fito. Akwai wani sanannen lissafi, Mersenne Twister, wanda Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura na Japan su ka fitar cikin 1997. Yana da kyau ga aikin bincike, amma wanda ya ga lambobi 624 a jere daga cikinsa yana iya faɗin na gaba duka. Don haka masu gwaji kan karanta rubutun manhajar layi layi, su ga wane lissafi ne, daga ina kuma a ke samo irin.

Kāna sai su sa na'urar ta yi ta zuba lambobi miliyoyi, su auna. A ɗauki misalin ɗan lido mai fuska shida. In an jefa shi sau 6,000, a kan sa rai kowace fuska ta fito wajen sau 1,000. In shida ta fito sau 1,030 ba abin magana ba ne, haka ƙuri'a ta ke. In ta fito sau 1,200, lalle akwai dalili. Abin mamaki kuma, in kullum aka gwada sai kowace fuska ta fito 1,000 cif, wannan ma alamar hannun mutum ce, gama ƙuri'ar gaskiya ba ta yin daidai haka. Lissafin da ke raba saɓanin da aka saba da wanda ya wuce kima Karl Pearson ne ya tsara shi a Ingila cikin 1900. Bayansa an ƙaro waɗansu gwaje-gwaje masu tsanani, kamar tarin da George Marsaglia ya fitar cikin 1995 mai suna Diehard, da guda 15 na hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST. Waɗannan suna duban ko lamba tana jan wadda ke bin ta, ko kuma akwai wani jeri da ke komowa bayan an daɗe.

Ga abin da ya faru inda aka yi sakaci. Cikin 1999 waɗansu masana na kamfanin Reliable Software Technologies a Amurka su ka duba yadda a ke cakuɗa karta a dandalin Planet Poker. Kati 52 a na iya jera su ta hanyoyin da yawansu ya kai 8 da sifiri 67 a bayansa. Amma manhajar daga agogon kwamfuta ta ke ɗaukar irinta, tana ƙirga daƙiƙa kashi dubu-dubu tun daga tsakar dare, watau jeri 86,400,000 kaɗai ke iya fitowa. Da su ka daidaita agogonsu da na kamfanin, sai abin ya ragu zuwa wajen 200,000. In sun ga kati biyar, sun san abin da ke hannun kowa. Babu wanda ya yi nufin zamba, amma ƙofa a buɗe ta ke.

Rabon gida

Gwaji na biyu shi ne na biya, a nan kuwa ya kamata mu daɗe, don a nan ne yawancin mutane ke ruɗewa. Kowane wasa yana da kason da aka tsara zai koma wa 'yan wasa, sauran na gida ne. Mu ɗauki rulet irin ta Turai, wani faifai mai ramuka 37, daga sifiri zuwa 36, wanda a ke jefa ɗan ƙwallo a cikinsa. Wanda ya canki lamba a kan biya shi ninki 35, a mayar masa da uwar kuɗinsa. To, mutum ya sa naira 100 sau 37, ya kashe 3,700 ke nan. Bisa ga lissafi sau ɗaya zai ci, ya karɓi 3,600. Naira 100 ta tafi gida, watau kashi 2.7 cikin ɗari. Irin ta Amurka mai ramuka 38 tana cin kashi 5.26. Babu coge ko kaɗan cikin wannan, a rubuce ya ke cikin ƙa'idar wasan.

Aikin mai gwaji shi ne ya lasafta kason da hannunsa, sa'an nan ya sa kwamfuta ta buga wasan sau miliyoyi, ya ga ko abin da ya fito ya yi daidai da abin da kamfani ya faɗa. In kamfani ya ce kashi 96 ke komowa, aka kuma sami 96, sai a ba shi takardar shaida. Kashi huɗu kamar ba kome ba ne a kunne. Amma ɗan caca ba ya sa kuɗi sau ɗaya ya tashi, abin da ya ci shi ya ke mayarwa. Naira 10,000 in ta zaga sau goma, abin da lissafi ya ce zai saura wajen 6,650 ne. In ta zaga sau hamsin, wajen 1,300. Wannan fa a wasan da ya ci jarrabawa ne. A ganina, fassara tambarin nan da kalmar adalci, kamar yadda waɗansu ke yi, karamci ne da bai cancanta ba. Abin da ya ke shaida kawai shi ne ba a tauye mudun fiye da yadda aka sanar za a tauye shi ba.

Masu gwaji, da masu gwada su

Gidajen gwaji kamfanoni ne masu zaman kansu. Cikin sanannu akwai BMM da aka kafa a Ostareliya cikin 1981, da GLI a Amurka cikin 1989, da eCOGRA a Landan cikin 2003. Su ma a kan duba aikinsu bisa ma'aunin ɗakunan gwaji na duniya, ISO 17025. A bisansu akwai hukumomin ba da lasin. Ta Birtaniya, wadda dokar 2005 ta kafa, ba ta yarda a saki sabon wasa sai gidan gwajin da ta amince da shi ya duba, tana kuma tilasta wa kamfani ya riƙa auna abin da wasan ke biya bayan an sake shi. Malta ta yi tata dokar cikin 2004. Akwai kuma wuraren da lasin ɗinsu ke da sauƙin samu, sa ido kuwa kaɗan, sabo da haka ba kowane lasin ne ɗaya da ɗan'uwansa ba.

Saura tambaya guda: yaya za a san manhajar da aka gwada ita ce ke aiki yau? A na yin wannan da wani lissafi, kamar SHA-256, wanda ke ɗaukar rubutu kome tsawonsa ya mayar da shi gajeren jerin haruffa, tamkar hatimi. In an sāke ko ɗigo ɗaya cikin rubutun, hatimin ya sāke sarai. Mai gwaji kan ajiye hatimin, mai bincike ya zo daga baya ya gwama. Waɗansu gidajen caca masu karɓar kuɗin intanet irin su Bitcoin sun miƙa wannan dabara ga ɗan wasa da kansa: su nuna masa hatimin irinsu kafin wasa, shi ma ya ƙara nasa irin, bayan wasa su buɗe, ya gwama. Yankan karta ne ya komo cikin sabuwar riga. Yana hana gida sāke sakamako a tsakiyar wasa, amma ba ya rage rabon gida, ba ya kuma tilasta masa biya.

Kowace gaɓa cikin sarƙar nan ta taɓa tsinkewa. Ronald Harris ma'aikaci ne na hukumar caca ta Jihar Nebada a Amurka, aikinsa duba injuna, sai ya riƙa sa musu nasa umurnin a ɓoye, har aka kama shi cikin 1995. Cikin 2007 kuma aka gano wani na cikin gida a Absolute Poker yana ganin katin kowa yana cinye mutane. Na'urar ƙuri'a lafiyarta lau, ɓarnar ta wata ƙofa ta shigo. 'Yan wasa ne su ka tona asirin, da su ka bi lissafin wasannin su ka ga cin ya wuce abin da sa'a ke iya bayarwa, daga bisani hukumar Kahnawake ta Kanada ta ci kamfanin tarar dala 500,000. Har wa yau gidan caca shi ke biyan mai gwada shi, wannan kuwa rauni ne da ba a rabu da shi ba. Mafi sauƙin zamba ma ba ta bukatar gwaninta: a kwafi hoton tambari a manna, ko a kwaikwayi wasan wani kamfani a gudanar da shi daga wata kwamfuta dabam. Hoto ba shaida ba ne sai an sami sunan gidan da lambar lasin ɗinsa cikin rajistar hukumar da kanta.

Matsayin ɗan Zamfara

An ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, dokar laifuffuka ta fara aiki ran 27 ga Janairu 2000, caca kuwa tana cikin abubuwan da aka hana, bisa ga hanin da ya zo cikin Suratul Ma'ida. A wajen Tarayya an yi dokar caca ta ƙasa cikin 2005, da hukumarta a Abuja. Amma ran 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta kai, cewa sha'anin caca na jihohi ne, dokar Tarayya a Babban Birnin Tarayya kaɗai ta ke aiki. Legas tana da hukumarta mai ba da lasin. Jihar da ta haramta abu kuwa ba ta naɗa masa mai awo.

Ma'anar wannan a fili ta ke. Manomin da aka cuta a sikeli yana da wurin kai kuka, wanda aka tauye wa mudu a Shinkafi yana iya zuwa wurin sarkin kasuwa. Saurayin Zurmi da gidan caca ya hana shi kuɗinsa, in ya je gaban alkali kansa ya kai ƙara. Hukumar Birtaniya 'yan wasan da ke cikin ƙasarta ta ke karewa, lasin na Legas kuma iyakarsa Legas. Ko da tambarin da ya gani na gaskiya ne, ofishin da ke bayansa ba a buɗe shi domin mutumin Zurmi ba.