Kofaton dokina da buhun abincin kajin da na kusa buɗe masa

Jama'a, yau ku yi haƙuri, ba maganar buloila ko tarwaɗa zan yi ba. Amma duk mai buhun abincin kaji a ɗaki da doki a turke, ya tsaya ya karanta.

Ina da ingarma da na gada wurin mahaifina a nan Talata Mafara. Bara, wajen ƙarshen damina, na lura in muka hau tsakuwa sai ya riƙa tafiya kamar mai taka ƙaya, a yashi kuwa lafiya lau. Da na ɗaga ƙafar, bakin kofaton duk ya tsattsage, tafin kuma in ka danna da babban yatsa sai ka ji yana lotsawa.

Laifina ne. Da shi nake zuwa gonar shinkafata, cikin filayen da madatsar Bakolori ke ba ruwa tun bayan kammala ta a 1978, daga nan Mafara har Bakura da Maradun. Ya wuni cikin laka, ya dawo busasshiyar ƙasa. Kofato ya jiƙa ya buɗe, ya bushe ya tsuke, kullum haka, dole ya yi rauni. Ga fitsarin da ke taruwa a turke. Mu masu kaji mun san warin nan mai hawa ido, to shi ma yana cin kofato.

Da na ji cewa bayotin da metiyonin da zinki ne ke gina kofato, sai na ce ai ga su a rubuce jikin firimis ɗin kajina! Na yi niyyar in riƙa zuba masa kwano ɗaya na abincin buloila kullum. Allah ya sa na fara tambayar wani likitan dabbobi.

"Alhaji, kada ka kuskura," in ji shi. "Wanga abinci shina iya kashe maka doki."

Dalili kuwa, abincin buloila da yawa ana sa masa maganin kashin jini, irin su monensin da salinomaisin. Kaza tana ɗauka, amma ga doki guba ne. Monensin miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyinsa ya isa ya kashe shi, wanda ya tsira kuma sau da yawa zuciyarsa ta riga ta lalace. Ko buhun da aka zazzage ban ƙara zuba masa gero a ciki ba.

Ga abin da muka yi. Na rage dusa, don fosforas ya yi mata yawa, kalsiyam kaɗan, na ƙara harawar wake da ta gyaɗa. Na samo bayotin na dawaki, miligiram 20 kullum. Na ɗaga turken, na zuba yashi, ana kwashe kashi safe da yamma. Mai yankan kofato kuma na ce ya daidaita baki da magagari kawai, wuƙarsa kada ta taɓa tafin. Ina ganin yawan fere tafi don ya yi fari ya yi kyau ya nakasa dawakin Sallah da dama.

Maganin ƙarfafa kofato na shafawa fa? Yana taimakawa, amma waje kawai yake taurarawa, ba ya ƙara kauri. Aidin na riƙa shafawa a tafin sau biyu a mako, ba na kai shi ga fata. Wani ya ce in sa famalin ɗin da muke feshin ɗakin kaji da shi. Na ƙi, don yana ƙona nama, yana busar da kofato har ya fashe. Baƙin mai kuwa ko kusa.

Abin da ya fi wuya shi ne jira. Kofato yana tsirowa daga sama, milimita 6 zuwa 10 a wata, sai an yi wata 9 zuwa 12 kafin sabo ya sauko ƙasa gaba ɗaya. Hawan Sallar da ya wuce a ƙasa na kalla, abokai suna ta yi mini tsiya. Yanzu wata shida ke nan, akwai wani layi a tsakiyar kofaton, samansa sumul, ƙasansa tsohon mai tsaga. Jiya na ja shi a kan tsakuwar ƙofar gida, bai ɗingisa ba.