Idan Sakamakon Gwajin Tayirod Ya Tsaya Kan Iyaka

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi wadda nauyinta bai wuce giram 25 ba. Ita ce tayirod, kuma kumburinta ne Bahaushe ke kira maƙoƙo. Aikinta shi ne ta tsamo aidin daga cikin jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke iza wutar jiki: saurin bugun zuciya, da ɗumin jiki, da yadda abinci ke ƙonewa ya zama ƙarfi. Tun da aka wajabta sanya aidin a gishiri a Nijeriya cikin 1993, maƙoƙon ƙarancin aidin ya ragu ƙwarai. Amma akwai ɗaya ɓangaren, wato tayirod ɗin da ta zarce gona da iri.

Tayirod ba ta cin gashin kanta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata tsoka kamar ƙwayar wake, fituwitari, mai aiko mata da umarni ta hanyar sinadarin TSH. A ɗauka uwargida ce da yarinya a bakin murhu. In wuta ta yi sanyi, uwargida ta ɗaga murya a ƙara itace. In ta yi yawa, sai ta yi shiru. Nan ne ɗalibai suka fi rikicewa a jarrabawa: TSH mai ƙasa alama ce ta tayirod mai yawan aiki, ba mai kasala ba.

To, mutum ya karɓo takarda daga wani ɗakin gwaji a Samaru ko Sabon Gari, ya ga TSH ɗinsa 0.3, alhali iyakar da aka saba rubutawa ta kama daga wajen 0.4 zuwa 4.0, T4 da T3 kuwa daidai suke. Yana da cuta ke nan? Ba lallai ba. Ita wannan iyaka an samo ta ne ta hanyar auna masu lafiya a ɗauki kashi 95 cikin ɗari na tsakiya. Ashe ke nan mutum 5 cikin 100 masu ƙoshin lafiya za su faɗa waje. Bugu da ƙari, fituwitari tana da saurin ji: ɗan motsi kaɗan a T4 kan sa TSH ya yi babban tsalle.

Abubuwa da dama kan danne TSH na ɗan lokaci. Akwai watanni ukun farko na juna biyu, da watannin bayan haihuwa, da matsananciyar jinya ta kowace iri. Akwai deksametazon, wanda wasu 'yan mata ke saya a kemis don su yi ƙiba, al'adar da ni a ganina ta fi cutar da muke magana a kai haɗari. Ƙwayoyin bayotin na gyaran gashi kuwa na'urar gwajin suke ruɗawa, ta ba da lambar ƙarya. Shi ya sa likita kan ce a dawo bayan mako 6 zuwa 12 a sake gwaji. Wannan ba sakaci ba ne. Da yawa lambarsu kan koma daidai ba tare da magani ba. A koma ɗakin gwajin farko, domin na'urori sun bambanta, kuma a faɗa wa likita duk abin da ake sha, har na gargajiya.

Jira yana da iyaka. Idan mutum yana ramewa alhali yana cin abinci fiye da da, zuciya na bugawa da sauri ko yana zaune, yatsu na karkarwa, barci ya ƙaurace, gumi na zuba har cikin hunturu, kada a ɗora wa zafin Afrilu ko fargabar jarrabawa. In idanu suka fara firfitowa, ana zargin cutar da likita Robert Graves ya bayyana a Dublin cikin 1835, inda garkuwar jiki ke tunzura tayirod. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Haka nan in TSH ya sauka ƙasa da 0.1 ya zauna a nan, musamman ga wanda ya kai shekara 65 ko macen da ta daina al'ada, akan duba batun magani ko da babu alama, saboda bugun zuciya kan rikice, ƙashi kuma ya yi rauni. Irin waɗannan sai a nemi takardar turawa zuwa ga ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne kabimazol, wanda ke rage haɗa T4, kuma akan sha shi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wasu kuma akan yi musu aiki ko a ba su aidin mai tururin nukiliya. Kabimazol jefi-jefi kan karya fararen ƙwayoyin jini. Duk mai shan sa da ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, kada ya ce cizon sauro ne ya nufi kemis. Ya dakatar da ƙwayar, ya je asibiti a ranar a ƙirga masa jini.